Cinyar Layya

Ni na fara sauke masa gora a ƙeya, sannan sauran 'yan sintiri suka rufar masa.

Washegarin babbar Sallah ce, shekarar korona. An rufe iyakar Jibiya, ƙaramar hukuma ta raba mana takunkumi, ta ce ko akuya kada ta ƙetaro daga Nijar. Sai ga mutum ya ɓullo ta cikin gero wajen Magama, fuska a rufe da takunkumi, kafaɗarsa da buhu duk jini.

"Ɓarawon dabbobi ne," in ji babbanmu.

Mutumin ya yi ta magana, ihunmu ya danne muryarsa. Muka jibge shi har ya daina motsi.

Na zazzage buhun. Cinyar rago ce, naɗe cikin zanen da na saya wa ƙanwata lokacin da za a kai ta gidan miji a Maraɗi. Duk shekara mijinta da kansa ke kawo wa Inna cinyar layya.

Na kasa cire masa takunkumin. Wayata ta yi ƙara.

"Ka duba mini hanya," in ji Inna. "Mijin ƙanwarka bai taɓa kai war haka bai iso ba."