Shinkafar Gaban Hoto

"Ki mayar da shinkafar nan abin ci," in ji shugaban sashenmu, ko kallona bai yi ba. "'Yan gwajin Turai sai danna ta suke, ta ƙi ɗaukuwa."

Ni na zana ɗakin wata tsohuwa a wasan bidiyon da muke haɗawa: kwanon shinkafa a gaban hoton mijinta, yadda mahaifiyata ke ajiye wa marigayi babana kowace safiya a Osaka. Fuskar babana ma na sa a hoton.

"Yallaɓai, ta mamaci ce. Baƙo ba ya taɓa ta."

"Yarinya, mamaci ya taɓa sayen wasa?"

Na rusuna, na gyara.

Wasan ya karɓu a duniya. Mahaifiyata ta nace sai ta gani, na kunna mata. Jarumin wasan ya faɗa ɗakin da takalmansa, ya wawuri kwanon, ƙarfinsa ya ƙaru.

Ta daɗe tana kallon hoton da babu komai a gabansa, sannan ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ina za ki, Mama?"

"Zan ɗora tukunya. Babanki bai ci ba."