Kariyar da Aka Yi wa Injiniya

Saura mako biyar a yi jarrabawar fita, Injiniya ta daina cin abincin kirki. Ba sunanta na yanka ba ne. Babanta mai gyaran fanka ne ya laƙaba mata tun tana ƙarama, sunan ya bi ta har makarantar koyon sana'a. Shekara uku ke nan ita kaɗai ce mace a ajin lantarki, kuma wajen haɗa waya ba mai kama ƙafarta.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne malamin ajin. Mutum da furfurarsa, amma ba kunya ba tsoron Allah. Da ta sunkuya kan allon gwaji sai ya zagayo ta bayanta, wai zai gyara mata riƙon filaya, hannun nan nasa ya sauka inda ba a aike shi ba. Ran nan ya tura ta sito ta ɗauko waya, ya biyo ta ya turo ƙofa. Da ƙyar ta ƙwace. Tana fita ya ce mata, “Makin aikin hannu a wurina yake. Ki je ki yi tunani.”

Da ta koma gida ta fashe wa iyayenta da kuka. Baba ya ce, “Share hawayenki. Makaranta ce, akwai doka. Gobe tare za mu je.”

Dokar kam akwai ta, ga ta nan manne a allon sanarwa da manyan baƙaƙe. Aka ba Injiniya fom ta cika. Sai da aka shafe mako biyu kafin kwamiti ya ga damar zama, a ɗakin malamai. Aka bar Baba a kan benci a waje. Shi kuwa gogan yana ciki, a kujerarsa ta kullum, yana juya cokali a kofin shayi.

Mataimakin shugaba ya leƙo ta saman tabarau. “Akwai wanda ya gani?”

“A sito ne, ranka ya daɗe. Daga ni sai shi.”

“To, kun dai ji.”

Wani malami ya cafe, “Wai ma tsaya, me ya kai ki ajin maza tun farko?”

Suka kwashe da dariya, har da wanda ake ƙara. Abin ƙyama, manya guda biyar, kowanne da 'ya'ya a gida, amma ba wanda ya juya ya yi wa mutumin nan tambaya ko guda.

Washegari shugaban makaranta ya kira Injiniya da Baba ofis, fuska a sake kamar mai albishir.

“Mun bincika, babu hujja,” in ji shi. “Amma ba za mu bar yarinya cikin damuwa ba. Ƙa'idarmu ita ce a raba mai ƙara da wanda ake ƙara. Malam shi kaɗai ke koyar da lantarki, ba ya ɗaguwa. Don haka mun mayar da ita ajin ɗinki, saboda a kare ta.”

Baba ya gyara zama. “Ranka ya daɗe, saura mako uku jarrabawa. Yarinyar nan ko zare ba ta iya sa wa keke ba.”

“Za ta koya, ai mace ce. Sa hannu a nan.”

Baba ya ƙi taɓa biron. Ko a jikinsu. Aka buga hatimi, aka cire sunanta daga jerin masu jarrabawar lantarki tun kafin su kai bakin ƙofar makaranta.

Ranar jarrabawa aka zaunar da ita gaban keke, aka miƙa mata yadi ta ɗinka riga. Zare ya cukurkuɗe, allura ta karye har sau biyu. Ta bango tana jiyo muryar malamin yana kiran sunayen 'yan ajinsu, yana raha abinsa. Ta zauna riƙe da yadin har aka kaɗa ƙararrawa.

Sakamako ya fito, ta faɗi warwas. Shekara uku sun tafi a banza, ba takardar lantarki, ba ta ɗinki. A rahoton ƙarshen shekara kuwa makarantar ta rubuta: “An samu ƙara ɗaya, an warware ta cikin lumana.” Malamin yana nan a ajinsa har yau, da makullin sito a aljihu.

Jama'a, makarantar da ta ɗauke yarinyar da aka cuta ta bar macucin a kujerarsa, ba yarinyar ta kare ba, shi ta kare. Mai laifi ake tuhuma, shi ake ɗagawa. Iyaye, in an yi wa 'yarku irin wannan, kada ku tsaya a ofishin shugaba, ku kai ƙara gaba.