Mai Tsintar Tozali da Dutse Mai Ruwan Zinariya

Tanimu, gyara zama ka ji wani misali, tunda yau ka zo da kunnenka. A ƙauyenmu na gindin dutse, inda ake haƙo tozali, an yi wata tsohuwa da ba ta da sana'a sai tsinta. Maza su shiga rami su fito da duwatsu, ita kuma ta shimfiɗa tabarma ta zauna da faifai da 'yar guduma, tana ware tozali daga tarkace. Ni na gan ta da idona, kuma har gobe ina tinƙaho da cewa garinmu ɗaya. Hannunta duk ya yi kanta, amma wajen gani ko shaho albarka. Wata shekara, dab da faɗuwar damina, wani falke ya sayi tulin dutse mai yawa, yana so ya ajiye har ruwa ya ɗauke, rafuka su janye, sannan ya kai birni. Sai ya ɗauke ta aikin tsinta. To, a ramukan wurin akwai wani dutse mai ruwan zinariya da yake fitowa manne da tozalin, yana walƙiya kamar a rataya a kunne. Ba zinariya ba ne, ko maƙeri ba shi da abin yi da shi. Tsohuwa duk inda ta gan shi sai ta sa guduma ta ɓamɓare, ta wurga gefe, ko da bai wuce ƙwayar gero ba. Kwana uku tana yi, buhu huɗu kacal ta cika.

Falke ya zo ya ga abin da ta zubar, ransa ya ɓaci. A ganinsa mai walƙiyar nan shi ne adon kaya, ga shi kuma da nauyi a kan sikeli. Ta ce masa, "Ɗan nan, waɗannan biyun in suna cikin ƙasa lafiya lau suke kwana. Amma da zarar sun fito sun sha iska, danshi ya shiga tsakaninsu, ɗaya cin ɗaya yake yi." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sallame ta, ya bi kasuwa yana cewa tsufa ya taɓa ta, wai dutse na cin dutse. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don sunan nan nata shi ne gonarta, shi ne rumbunta. Daminar nan kaf ba wanda ya kira ta aiki, sai tafasa take tsinka a bakin gonakin mutane ta yi kwaɗo. Amma ko sau ɗaya ba ta je ba shi haƙuri ba, don ba ta ga laifin da ta yi ba.

Shi kuwa ya sa aka ɗure sauran dutsen yadda ya fito daga rami, buhu goma sha biyu, aka jibge su tare da huɗun nan nata a wani ɗakin ƙasa mai danshi. Damina ta yi albarka, bango ya yi ta gumi har wata huɗu. Ranar da aka buɗe ƙofa, wani wari mai tsami ne ya fara tarar su. Buhunansa sun ruɓe ta ƙasa, aka ɗaga ɗaya ya yage kamar tsohon tsumma. Tozalin da aka zuba yana sheƙi ya dusashe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, kuma duk inda ya jingina da mai ruwan zinariyar, nan ya fi lalacewa, ka murza da yatsa ya marmashe. Shi ko gogan naka yana nan yana walƙiya abinsa, ko a jikinsa. Aka kwance buhunan tsohuwa. Ɗaki ɗaya, danshi ɗaya, amma tozalinta na ɗaukar ido kamar jiya aka haƙo shi. Su huɗun nan kaɗai dillalan birni suka karɓa. Falke bai koma gidansa ba sai da ya biyo ta ƙauyenmu, ya cire takalmi a ƙofar gidanta, ya durƙusa mata a gaban mutanen da suka ji yana yi mata dariya. Ba ta goranta masa ba. Ta sa aka ba shi ruwa ya sha, sannan ta ce in zai kawo kaya baɗi ya zo da wuri, don labari ya riga ya bazu, yanzu layi ake bi a ƙofarta. Wallahi ranar nan sai da na ji kamar ita ta haife ni.

Ka gani, Tanimu, tozalin iri ɗaya ne, kuma danshi bai bar kowa ba. Abokin kwana ne ya bambanta su. Akwai mutumin da za ka jingina da shi, kai kana ƙarewa, shi yana ƙara sheƙi, kuma shi jama'a za su yaba. Don haka ka dubi wanda kake shiga buhu ɗaya da shi. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.