Jar Mota da Rufin Kwali

Tun da rana ta fara kisa, hukuma ke karɓar ƙarfen kowane gida tana yi wa tituna rumfa. Yau na kai ƙananan motocin ado da marigayi mijina ya tara, duk marasa rufi.

A kan layi na lura 'yata Nusaiba ta ɓoye jar a hijabinta.

"Kawo, Nusi. In suka gani, ruwan gidanmu za su yanke."

Ta miƙo. Ashe ta manna mata rufin kwali da tuwo.

"Umma, ki ce kada su cire. Abba yana ciki, rana za ta sake samunsa."

Ma'aikacin ya ce, "Malama, kwali ba ya hawa sikeli."

Ya kai hannu. Na rufe mata ido da tafina.