Tsohuwar Marsandi a Filin Gwanjo

Har gobe takan tuna ranar da ta fara ganinsa. Wata tsohuwar Marsandi mai ruwan madara ce ta yi tari, ta mace a ƙofar shagonta na ɗinki a Zariya. Mai motar ya fito yana gyara hula, dattijo mai furfura a gemu, ya yi sallama ya roƙi ruwa. Ta kawo masa a kofi. Ya yi murmushi ya ce ai ba shi ke jin ƙishirwa ba, sai ta koma ta ciko bokiti. Ta tsaya tana kallon yadda ya jira lagireto ya huce kafin ya zuba, yana shafa jikin motar kamar mai jinya.

Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, matarsa ta daɗe da rasuwa. Motar kuwa gadon mahaifinsa ce, 'yan unguwa suna kiranta Hajiya Babba, in ta wuce su ce a ba ta hanya kada ta faɗi. Tun daga ranar nan, ƙishirwa ba ta kama motar a ko'ina sai a ƙofar shagon nan. Daga bisani ya aiko da maganar aure ta bakin yayanta. Ita kuwa bazawara ce, ta aurar da 'ya'ya, har ta goya jika. Son sa tana yi, amma duk sanda ta duba madubi sai ta tura furfurarta cikin ɗankwali. Ta ce a gaya masa ya nemi mai sauran ƙuruciya, me zai yi da wadda lokacinta ya wuce? Bai yi musu ba. Damina ta wuce, wata ta zo, yana zuwa yana karɓar bokitinsa, har ɗansa da ke Legas ya matsa masa ya koma wurinsa da zama. Sai malamin ya aiko mata cewa za a yi babban gwanjon motoci a Abuja, zai kai Hajiya Babba. In ta sami mai saye, daga can zai wuce Legas, tunda babu wanda ya ce masa zauna. Dillalai suka ba shi shawara ya sake mata fenti, ya fitar da tsoffin kujerun ya sa sababbi don kada a yi masa dariya. Ya ce yadda ya gaje ta haka za ta shiga.

Ranar gwanjo ta roƙi yayanta ya raka ta Abuja sayen yadi. Yayan ya ce shi dai bai taɓa jin ana sayar da yadi a filin gwanjo ba, amma ya ɗauko takalminsa.

A filin ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Motoci ja da rawaya, sun kwanta a ƙasa kamar ƙadangaru, ƙofofinsu na buɗewa sama tamkar fuka-fuki. In an tayar da ɗaya sai ƙirjin mutum ya amsa. Samari na ta ɗaukar hoto, masu kuɗi na tayi. Da aka gangaro da Hajiya Babba, fentinta ya koɗe, fatar kujerunta ta tsattsage, sai kunya ta kama matar kamar ita aka fitar tsakiyar fili. Ta ja mayafi ta rufe baki tana jiran dariya.

Dariyar ba ta zo ba. Manyan da ko kallon jajayen motocin ba su yi ba, su ne suka miƙe daga kujerunsu. Wani attajiri ya zagaya ta, ya shafa sitiyarin inda hannun uba da na ɗa suka suɗe shi ya yi sumul, ya tambaya ko an taɓa sake mata fenti. Da aka ce a'a, sai ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa. Hannaye suka yi ta tashi, wannan ya taya, wancan ya ƙara, har mai shelar gwanjo ya sha ruwa ya dawo. Duk abin da dillalai suka ce a ɓoye, shi ake kokawa a kansa. Matar ta kai hannu ta taɓa furfurar da ke leƙowa ta gefen ɗankwalinta, wadda kullum take turawa ciki, ta bar ta yadda take.

Sharaɗin wurin shi ne ba a buga guduma sai mai mota ya ce ya sallama. Kowa ya juya ga malamin. Ya buɗe baki ke nan, sai ta ratsa mutane, ita da ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba, ta tsaya a gefensa.

"Malam," ta ce, "kada ka sallama. A cikinta za a kai ni gidanka, in Allah ya yarda. Na yi alkawari."

Ya dube ta, ya dubi attajirin, ya gyara hula.

"Albarka," in ji shi.

Filin ya kaure da tafi, wata mata a baya ta rangaɗa guɗa. Attajirin ya yi dariya ya ce wannan tayin ya fi ƙarfinsa. Suka kamo hanyar Zariya, yayanta a gaba, ita a baya kan tsagaggiyar kujera, ga bokitin ruwa a ƙafarta wanda ta saya da kanta.

To, in ka ga wanda ke ɓoye shekarunsa don yana jin ya zama kwantai, ba shi labarin nan. Masu iya magana sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.