Shirun Malam Tanimu

Ranar da ƙungiyar ma'aikatan rediyo ta cika shekara hamsin, Hajiya Uwani ta yafa mayafinta ta nufi tashar. Ita kaɗai ta rage a ƙungiyar. Tun da aka kawo na'urar da ke magana da muryoyin tsofaffin ma'aikata, ba a sake ɗaukar kowa aiki ba.

Ta iske manaja Nafi'u shi kaɗai a ofis.

"Ɗana, minti ɗaya na zo roƙo," in ji ta. "Da shiru muka kafa ƙungiyar nan. Ranar da aka kori abokan aikinmu, Malam Tanimu ya zauna gaban makirufo ya ƙi cewa uffan, sai da aka mayar da su. Tun daga nan, duk shekara a rana irin ta yau, da sha biyun rana tashar kan yi shiru na minti ɗaya."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Wallahi Hajiya, na'urar ba ta iya shiru ba. Da ta ji giɓi sai ta cike shi."

Ta fito ta zauna a bencin bakin ƙofa, ta kunna 'yar rediyonta. Malam Tanimu ne ke karanta labarai, shekara tara da binne shi, ba ya ko tsayawa ya ja numfashi.

Sha biyu na bugawa ta kashe rediyon. Amma daga rumfar mai shayi da motocin da ke wucewa, muryarsa ta ci gaba da zuba.

"Yi haƙuri, Malam," ta ce a hankali. "Bari ni in yi maka."

Ta kama bakinta, tana duban agogo.