Doron Tela

Tunda ka ce gobe za ka kai ƙanenka a danne masa baya, zauna tukuna ka ji wannan, in ya so ka yi abin da ka ga dama. An yi wani tela a bakin kasuwa, mai ɗinki da keken ƙafa. Ciwon baya ya sa shi gaba, ga zazzaɓi ga rama, har doro ya turo masa a tsakiyar gadon baya. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ta ce ƙwayar tarin fuka ce ta ci masa ƙashi. Ta ɗora shi kan magani na watanni, ta ja masa kunne kada a danna wurin, kada a ja, don lakar da ke motsa ƙafafunsa tana jikin ƙashin nan da ya rube. Ta ce doron ba zai koma ba, amma zai ci gaba da tafiya. Wallahi kuwa sauƙi ya samu, har ya koma taka kekensa. Sai yayansa ya ji 'yan majalisa suna cewa "tela mai doro". Shi ke nan, ya kasa zaune ya kasa tsaye, wai a zuriyarsu ba a taɓa yin mai doro ba. Telan ya ce, "Yaya, a bar ni da abina, ai ba da baya nake ɗinki ba." Ina, babban wa ya riga ya yanke magana.

Aka kai shi wurin wani mai ɗori, wanda karayar hannu da ƙafa kawai ya sani. Aka kwantar da shi rub da ciki, ƙarti suna ja ta sama da ta ƙasa, yayan da kansa yana riƙe da ƙafa, mai ɗori ya tofa, ya hau doron da gwiwa. Aka ji ƙas, yayan har da hamdala, wai ƙashi ya koma. Daga ranar telan bai ƙara jin ƙafafunsa ba, ko fitar fitsarinsa ba ya sani. Matarsa ke juya shi a kan tabarma, keken yana lungu an rufe da tsumma, doron kuma yana nan inda yake. Abin da ya fi ƙona mini rai, yayan ya leƙo dubiya, ya toshe hanci, ya ce haka Allah ya ƙaddara, kamar ba shi ya riƙe masa ƙafa ba.

Hausawa ba su yi ƙarya ba: garin neman gira aka rasa ido.